Na Huda Jarkokin Gwaggona, Yanzu Da Ƙyar Take Amsa Gaisuwata

Assalamu alaikum Anti Juwairiyya. Don Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya kulle.

Ina aiki a wata jami'a da ke nan ƙasar Katagum, ni ce mai kula da lafiyar muhalli da kiyaye haɗurra. Yini nake ina bin ɗakunan gwaje-gwaje, ina duba tukwanen gas da abin kashe gobara da inda ake zubar da ragowar sinadarai. Ɗalibai har suna suka sa mini, wai Hajiya Kar-a-taɓa. Cikin aikina akwai huda jarkokin da ake kawo sinadarai a ciki, shuɗɗan nan masu kauri, don kada wani ya kai gida. Leburorinmu kallon almubazzara suke yi mini, akwai wanda ya ce Allah zai tambaye ni.

Gwaggona, Hajiya Baturiya, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, da sana'ar zoɓo da kunun aya ta kai ni makaranta. Ta sha roƙona jarka, ni kuma kunya ta hana ni ce mata a'a, kullum sai in ce sai an samu. Ranar Juma'a na je gaishe ta a Azare, sai ga guda biyu a tsakar gida cike da zoɓo. Ashe wani leburanmu ne ya kai mata don ya faranta mini. Ta wanke da omo da toka, ta shanya a rana, tana ta murna. Ni kuwa alamar guba na hango a jikinsu.

Anti, ban san lokacin da na kifar da zoɓon a kwata ba. Na ɗauko wuƙa na huda su, ina ɗaga murya, ga maƙwabta mata suna taya ta ƙulli. Gwaggo ta shige ɗaki. Tun daga ranar gaisuwata da ƙyar take amsawa. 'Yarta Husaina ta ce kuka ta yi, wai na nuna wa unguwa guba take sayarwa. Wallahi ina son matar nan kamar raina, kuma da za a sake, sai na sake zubarwa. Yaya zan yi in dawo da uwata?

Daga 'yarki mai damuwa, Azare.

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yata. Share hawayenki, kin yi daidai da kika zubar. Robar da ta sha sinadari omo ba ya fitar da shi, kuma yaran unguwa ne za su sha zoɓon nan.

Amma ki dubi ɓangaren Gwaggo. A wurinta jarka mai kauri dukiya ce, wankin toka kuma tsafta ce da ta gada. Ke da kike tsayawa gaban ɗalibai kina bayani, ba ki taɓa zama kin yi wa wadda ta raine ki ba. Kunyar da ta hana ki cewa a'a a ɗaki ita ta kai ki ga tsawa a tsakar gida.

Kada ki aika Husaina. Ki je da kanki da sababbin jarkoki na kasuwa, ki durƙusa, ki bar ta ta yi faɗanta har ta gaji. In ta huce, ki faɗa mata abin da ke cikin jarkar da Hausar gida, ba ta ofis ba. Sannan ki shiga gidajen matan nan ki ce musu ba ta sani ba, daga wajen aikinku kuskuren ya fito. Mutuncinta a bakinsu yake.

A ofis kuma, kada ki nemi a kori leburan, alheri ya yi nufi. Ki tara leburorin duka ki yi musu bayani, ki tambaye su a hankali gidajen da wasu jarkokin suka shiga, a kuma riƙa hudawa da zarar sinadari ya ƙare.

Ki nemi gafarar tsawar da kika yi mata, amma kada ki nemi gafarar hudawar. Uwa ce, za ta gane bambancin. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya yi miki albarka.

Anti Juwairiyya