Safar Hannun da Na Wanke

Litinin, 2 ga Disamba

Yau watanmu biyu da zuwa. Sanyin da nake karantawa a littafi ya iso, kuma ba haka suka rubuta shi ba. A littafi mace tana zaune bakin taga da kofin shayi, miji ya shigo ya yafa mata rigarsa. Ba wanda ya rubuta majina, ko bangon ɗakin da ke tsattsafo da ruwa.

Ni fa na ce mu zo. Aikin rufin kwano biyu aka yi wa maigida tayi, ɗaya kusa da gida, ɗaya nan kan tudu. Na nace sai nan, wai ina son ganin gajimare yana sauka kan duwatsu. Ya yi dariya ya ce, "Amarya, ke ta taga za ki kalla, ni kuwa hawa zan yi." Amma ya biye mini.

Laraba, 4 ga Disamba

Na tambaye shi wane sanyi ya fi, namu ko na nan. Ya ce namu mai kunya ne, da hantsi ya ɗaga sai ya tattara ya tafi, ka cire rigar sama ka yi ta buga ƙusa har la'asar. Na nan kuwa baƙo ne marar ta-ido, ya wuni, ya kwana. Raɓa tana daskarewa a kan kwano, sai sun jira ƙarfe goma kafin su hau, kuma in ka taɓa shi da hannu tsirara kamar ya cije ka.

Na ce Allah sarki. Rabin hankalina yana babi na tara na littafin da nake karantawa.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na wanke masa safar hannunsa ta aiki, ta yi baƙi ƙirin. A littafin nan matar takan yi wa mijinta ƙananan abubuwa ba tare da ta faɗa ba, shi kuma ya gane daga baya, ya kalle ta wani irin kallo. Na shanya a igiyar baya da la'asar. A gida ko tsakiyar sanyi ne, awa biyu wanki ya bushe.

Juma'a, 6 ga Disamba

Ba ta bushe ba. Na manta da ita sam, babi na sha ɗaya ne ya ɗauke ni. Da asuba na tuna, na fita na tarar ta sandare kamar busasshen kifi. Na murza, na hura, na ɗan kara ta a kan risho, na cusa a jakarsa ƙarƙashin guduma. Ban faɗa masa ba. Na ce a raina ɗumin hannunsa zai ƙarasa busar da ita.

Da azahar Oga, shugaban aikinsu, ya kawo shi a mota, hannun dama a naɗe.

Asabar, 7 ga Disamba

Ɗinki tara. Oga ya ce yatsunsa ne suka mutu da sanyi, ya kasa riƙo da safar, ya cire ta, gefen kwano ya zame ya yanke biyu na tsakiya. Bai ma ji ba sai da ya ga jini. Likita ta ce yankan ya taɓa jijiya, sai an kwance za a san ko za su lanƙwasu.

Oga zai riƙe masa gurbinsa zuwa ƙarshen wata. Ya ce, "Uwargida, kafinta da ba ya damƙar guduma, ai sai dai ya riƙe mana tsani."

Shi kuma cewa ya yi, "Jakar ce na ajiye a kan raɓa, sakacina ne." Na ce eh.

Na ce eh!

Talata, 10 ga Disamba

Ban iya buɗe littafi ba. Na buɗe, ƙarya nake. Shafi biyu.

Lahadi, 15 ga Disamba

Maman 'yan biyu, maƙwabciyarmu, ta shigo duba shi. Shekararta bakwai a nan, mijinta mai haƙa ramin bututun ruwa ne. Ta ga zanena a igiya ta kama baki. "Ke 'yar nan, a waje kike shanya? Nan ai wanki a ɗaki yake kwana, kusa da wuta. Kayan aikin maza kuwa ba a sa musu ruwa sai sanyi ya wuce, a kakkaɓe kawai." Ta ce nata mijin ƙasa ce ke gagararsa, takan daskare har diga ta riƙa tsalle. Kowa da inda sanyin ke kama shi.

Maigida yana kwance yana ji. Bai ɗago ba. Ni kuwa na zuba sukari sau biyu a shayi ɗaya.

Mama ta kira, ta ce can har sun fara ciro bargo. Ta ce, "Kina dai kula da shi ko?" Na ce layin ba kyau.

Alhamis, 19 ga Disamba

An kwance ɗinki. Ɗaya yana lanƙwasuwa, ɗaya ya tsaya ƙiƙam. Likita ta nuna mini yadda zan yi: ruwan ɗumi, mai, a murza daga tushe zuwa kai, sau uku a rana. Yana cije leɓe, ba ya cewa wayyo.

Da safe ina murzawa na ce, "Ba raɓa ba ce." Muryata kamar ta wata. "Ni na wanke ta."

Ya ce, "Na sani. Raɓa ba ta ƙamshin sabulu."

Na ce to me ya sa ka saka? Ya ce ya ga na ɓoye ta ƙarƙashin guduma, ya san kyauta ce. Sai ya ce, "Amma da kin faɗa, da na ari ta wani." Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

A littafi nan ne ake kuka a rungume juna. Mu dai ruwan ne ya huce, na tashi na ƙaro mai zafi.

Asabar, 28 ga Disamba

Ya damƙi cokali. Ya damƙi guduma, ta faɗi. Ya sake gwadawa. Na ce mu koma gida, sanyinmu ya fi sauƙi. Ya ce rufin bai ƙare ba, kuma shi ba ya barin gidan mutane a buɗe.

Litinin, 6 ga Janairu

Ya koma aiki, Oga ya ƙara masa mako. Yatsan bai kai tafin hannu ba tukuna, amma ƙusa goma ya buga jiya a kan katako, ba kuskure.

Na riga shi tashi. Na fita na shafa murfin durom ɗin ruwa, na ce masa yau raɓar ta yi kauri, kada ya hau kafin goma da rabi. Ya ce, "To, Oga." Safar hannu biyu na sa masa, ɗaya a jaka, ɗaya a cikin rigarsa, na ɗumama su a kan murfin tukunya.

Iska tana shigowa ta tsagar taga, na toshe da littafin nan. Kaurinsa ya yi daidai. Zan ciro shi in sanyi ya wuce, har yanzu ban san yadda matar da mijin suka ƙare ba.