Kunnen da ke Saman Benena

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin ƙaramin, ya sake shi? Tela maƙwabcinmu ne ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe shi kada ya yi wa maganata kwalliya.

Tun shekarar da gada ta karye, kina goye, amyoyin zumata suke saman benen nan. Kakanki ne ya hau da ta farko a kansa. Ba su taɓa tsone wa kowa ido ba sai bana.

Da jiragen nan marasa matuƙi suka fara zuwa suna sakin wuta, hukuma ta kafa na'urorin sauraro a kan dogayen gidaje. Mu kunne muke ce musu. Kunnen yakan jiyo kukan jirgi tun ido bai gan shi ba, ya gane inda ya nufa, sai jiniya ta tashi kowa ya ruga ɗakin ƙasa na makaranta. Na layinmu a saman benena yake. Mahaifiyarki kuwa har yanzu ƙafa ba ta ɗaukarta. Ni da tela muke sauko da ita, mu sa ta a baro in tura. Da ƙyar lokacin ke isarmu.

To, in rana ta take, ƙudan zumar suka tashi gaba ɗaya, sai kunnen ya ɗauka jirgi ne. An sha yin gudun banza. Mai kanti har cewa yake in ɗaura wa kowane ƙuda ƙararrawa. Injiniyar da ke kula da kunnen, yarinya mai ladabi, ta ce ko in kwashe amya, ko su mai da kunnen kan tankin ruwa. Tanki yana can ƙarshen gari, jiragen kuma ta kanmu suke fara bi, jiniya a makare za ta riƙa tashi ke nan. Na ce mata ƙudana sun riga ƙarfenta zuwa.

Kada ki ce taurin kai ne kawai. Kwanciya ta cinye bayan mahaifiyarki, kantin magani a rufe, da zumar nan nake wanke mata ciwon.

Ki gaishe da kowa.

Mahaifinki,
Mai Zuma

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku. Tamu sai addu'a.

Ranar Talata jiniya ta tashi da tsakar rana. Ina tura baro ina haki, mutane na zaune a inuwa suna cewa ƙudan tsoho ne. Ba su ba ne. Garejin bakaniken da ya gyara miki keke kina yarinya ya ƙone ƙurmus, shi kuma yana asibiti babu ƙafa ɗaya. Matarsa ta wuce ni a bakin famfo kamar ta wuce bango.

A ranar na toshe amyoyin da tsumma, na kwashe su zuwa bayan filin ƙwallo. Na san wurin ya yi kusa. Duk mai kiwon zuma ya san in ba ka kai su nesa sosai ba, manyan da suka san hanya, gida za su dawo. Amma hanyoyin fita gari a rufe suke, ina zan kai su? Na ce ko Allah zai mantar da su.

Ba su manta ba. Washegari suka dawo, suka yi ta kewaya inda amya take, ba su ga komai ba, sai suka dunƙule a jikin kunnen kamar gemu. Yanzu ba ya jin komai sai su. Na kwashe su a kwali, suka koma. Na yi musu hayaƙi har idona ya kumbura, suka koma. 'Yan'uwan bakanike kuma sun cinna wa amyoyin da ke bayan fili wuta. Ban kai ƙara ba, da wane bakin?

Wannan dunƙulen shi ne abin da ya rage na zumar kakanki a duniya.

Injiniya ta zo jiya, ta ce jibi za su cire kunnen, ba za ta bar unguwa kurma ba. Gaskiyarta. Mahaifiyarki ta ji ta taga. Ta ce in bari su cire, in jiniya ta tashi in tafi abina, ita ta gaji da hawa baro kamar buhun siminti. Tana dariya take faɗa. Na daka mata tsawa, abin da ban yi ba tun kafin a yaye ki.

Auta, ban taɓa roƙonki komai ba. In akwai direban da ake bari ya shigo, ki aiko da man shafawa na ciwo da bandeji, ko yaya ne. Zumar da ta rage ba ta rufe gindin kwalba ba, bayanta kuma babu wata.

Gobe da sassafe, tun suna sanƙare da sanyi, zan hau da bokitin ruwan sabulu in sheƙa musu. Ba ya ɓata ƙarfe, su kuma ba sa daɗewa suke mutuwa. Tela ya ce zai yi mini. Na ce a'a, hannuna suka sani. Shi dai ya tsaya a ƙasan matakala, ya ja mahaifiyarki da hira don kada ta ji lokacin da saman ya yi shiru.

Ki sa mu a addu'a.

Mahaifinki,
Mai Zuma