Sanyin da Zuhura Ta Kai Asibiti

Zurmi, Afirilu 1984

Zuwa ga Yaya Rabi'atu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Bayan haka, Yaya, na gaji, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Kin san na yaye yaron nan tun kafin azumin bara. Kowa ya zuba ido in koma turakar Malam, ni kuwa da na ji motsinsa a tsakar gida sai jikina ya mutu. Ba ƙinsa nake ba, wallahi. Tsimi da gumbar da Inna ta aiko daga Dauran na shanye su tas, ban ga komai ba sai kumburin ciki. Shi bai ce mini uffan ba, amma ya daina tsokanata, ko tuwo shiru yake ci. Shirun nan ya fi faɗa ciwo. Ina tsoron auren nan ya mutu a hannuna.

Kin taɓa yi mini zancen nas ɗin nan maƙwabciyarki. Ko tana duba irin wannan?

Ƙanwarki,
Zuhura

Kaura Namoda, Afirilu 1984

Zuhura,

Muna lafiya, ina gaida ɗana Abbati da mijin nan naki Malam sarkin haƙuri. Ke dai kin cika nuƙu-nuƙu! Wata nawa kina fama, sai yau bakinki ya buɗe?

Sista Bridget sunanta, mutuniyar Jos ce, kuma matan layinmu duk wurinta suke kai damuwarsu. Na ce mata kina tafe. Ni zan je suna a garin Ɗan Isa, don haka ki wuce asibitin kai tsaye. Ki buɗe baki ki yi magana, kada ki je kina wasa da bakin mayafi.

Yayarki,
Rabi'atu

Zurmi, Mayu 1984

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je, kuma da ma ban je ba.

Layin mata har waje, ga wata tsohuwa a bayana ta kasa kunne. Sista ta ce mi ke damuna. Yaya, da wane baki zan faɗa? Na sunkuyar da kai na ce, "Sanyi ne, tsakanina da maigida." Ina nufin zuciyata ce ta yi sanyi. Ta ce, "Yana tafiye-tafiye?" Na ce awo, fataucin hatsi yake. Ta gyaɗa kai, ta ƙulla mini kafso ƙulli biyu, ta ce ɗaya nawa ɗaya nashi, kuma lallai ya sha.

Na kawo masa da murnata. Ranar kasuwar Shinkafi ya nuna wa wani mai sai da magani don ya ji yadda ake sha. Mutumin ya tuntsire da dariya a gaban abokan cinikinsa, ya ce maganin ciwon sanyi ne, na masu bin matan banza.

Ya dawo ya ajiye ƙullin a gabana. Ya ce, "Zuhura, shekara biyu kina goyo ina jiranki, ban ɗaga ido na dubi kowa ba. Ashe abin da kike zargina da shi ke nan, shi ya sa kike guduna?" Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure. Ya ce in ina son tafiya Dauran ba zai hana ni ba.

Ko kuka na kasa yi. Na gaji, Yaya.

Zuhura

Kaura Namoda, Mayu 1984

Zuwa ga Malama Zuhura,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan alheri. Ni ce Bridget Pam, nas. Yayarki ta same ni a gida, ta wanke ni tas, kuma tana da gaskiya. A asibiti in mace ta ce sanyi, abu ɗaya muke ji. Na ba ki magani ban tambaye ki ba, ki yafe mini. Ki gaya wa maigidanki ban duba ki ba, ban ga wata cuta ba, kuskuren kunnena ne.

Abin da ke damunki ba ke kaɗai ba ce, mata da yawa suna zuwa mini da shi bayan haihuwa, kuma ba kafso ne maganinsa ba. Tambayar da ya kamata in yi miki ita ce: yaya haihuwar ta kasance, kuma mene ne kike tsoro? Ki zo gidana, ba layi, mu zauna mu yi magana. Amma akwai wanda ya fi ni buƙatar jin amsar, yana kwana a zaurenku.

Taki,
Sista Bridget

Zurmi, ƙarshen Mayu 1984

Yaya,

Bayan gaisuwa, ki yi wa Sista godiya, na yafe mata.

Na kai masa fura zaure da azahar, na zauna ba tare da ya ce in zauna ba. Na karanta masa takardar Sista, ya ce ya ji. Da na ga zai miƙe sai na riƙe bakin rigarsa na faɗa masa abin da ko ke ban faɗa wa ba. Naƙuda ta yi tsawo, ungozoma ta sa reza ta yi mini yankan gishiri, aka ce in yi shiru kada in ba da kunya. Ciwon ya warke, tsoron bai tafi ba. Na ce, "Ba kai nake gudu ba, Malam. Rezar nan nake ji."

Can ya ce, "Ni ina waje ranar, aka ce mini kin sauka lafiya." Idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Don mi ba ki faɗa ba?" Na ce wa ya tambaye ni?

Ban warke ba, kada ki fara guɗa. Ya ce shi zai kawo ni Kaura da kansa, kuma ba ya gaggawa. Jiya da la'asar ya shigo ɗakina ya zauna a bakin gado yana ba ni labarin kasuwa, har ya ce tuwona ya yi gishiri. Bai taɓa ni ba. Ni ce na kama hannunsa.

Yaya, na ji sanyi a raina. Don Allah kada ki faɗa wa Sista haka, kada ta sake ƙulla mana kafso.

Ƙanwarki,
Zuhura