Hoton Souley da Ƙaton Kofi

Harlem, New York
Oktoba, 2016

Zuwa ga Kawu Mahamudu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da Inna Raudatu da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar taku? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau. Maigidana Abdoulaye yana ta fama da tasi, yara suna makaranta, in na yi musu Hausa su mayar mini da Turanci, har na gaji da faɗa.

Kawu, na ƙi kiran ku a waya ne don na san dariya ba za ta bar ni in kai ƙarshe ba, alhali maganar ba ta dariya ba ce. Ƙanena Souley ne ya jawo mana abin faɗa, kuma auren da kuke nema masa wurin Firdaoussi shi nake jin tsoron ya lalace. Akwai wani hoto nasa da ke yawo a wayoyin mutane. In ya riga ku isa hannun Malam, mahaifinta, wallahi mun shiga uku.

Ga yadda aka yi. Kojo, maƙwabcinsa a wurin kasuwanci a Canal Street, mutumin Ghana ne, Kirista, mai kirki amma ba ya riƙe magana. Shi ya ce masa akwai wani gari can arewa cikin duwatsu, a bakin tafki, inda ake bikin Jamusawa duk kaka, kuma mutane na zuwa ba shirin sanyi, don haka hula da safar hannu za su yi kasuwa. Bai ɓoye masa cewa bikin giya ne ba. Na ce wa Souley kada ya je, ya ce shi hula zai sayar, ina ruwansa da abin da ke cikin kofin mutane. Ya ce wurin ya yi kyau ƙwarai, ganyaye sun yi ja sun yi ruwan ɗorawa har bakin ruwa, ga tsofaffi da furfurarsu cikin gajeren wandon fata suna busa ƙaho ba kunya. Kafin la'asar kayansa sun ƙare, ya yi sallarsa a bayan motar Kojo. Da a nan ya kamo hanyar gida, da ban ɗauki alƙalami ba.

To, ashe suna da wata gasa. Mutum ya riƙe ƙaton kofin gilashi cike da giya, ya miƙe hannu sambal, wanda ya fi daɗewa bai sauke ba shi ya ci. Kun san Souley ba shi da tebur. A hannu yake rataya jakunkuna ya wuni yana miƙa wa masu wucewa, shekara da shekaru. Da ya ga ƙarti suna karkarwa suna saukewa, sai ya yi tsaki ya ce wannan ai aikinsa ne na kullum. Kojo ya ja shi gaba. Souley ya ce musu shi Musulmi ne, ba ya taɓa giya. Mutanen ba su yi musu ba ko kaɗan, suka ce za su cika masa da ruwa. Nan ne, Kawu, halin ɗan kasuwa ya motsa. Wai ya yi wannan doguwar tafiya, a kuma ba shi abin kyauta, ya ƙare da ruwan famfo? Ya hango ruwan tuffa da ake matsewa a gefe, ya ce shi za a zuba masa.

Kawu, ruwan tuffan nan launinsa ɗaya da giya, har da kumfa a sama! Ya ci gasar kuwa, suka ɗora masa koriyar hula mai gashin tsuntsu, ya washe haƙora, Kojo ya ɗauki hoto ya aika wa duk wanda ya sani don murna. Kafin su iso gida hoton ya gama shagunan mutanenmu na titin 116. Da na je sayen daddawa, mai shagon ya yi mini jaje da murya ƙasa-ƙasa, ya ce Amurka ce, sai addu'a. Liman ya kira Souley, Kojo ya bi shi har ƙofar masallaci yana rantsuwa cewa tuffa ce, wani dattijo ya ce to, ga abokin shan nasa ya zo ba da shaida.

Na yi masa faɗa har muryata ta dishe, na ce ga abin da son banza ya jawo. Amma yanzu tausayinsa nake ji. Ya daina cin abinci, shi da ba ya barin ƙanzo a tukunya. Ya gaya wa Firdaoussi gaskiya, ta yi dariya ta ce ita ta yarda, amma Malam sai ku. Yaron nan ya daɗe yana tsaye a titi cikin sanyi da zafi saboda wannan aure, ba zan so ya rasa ta a kan ruwan tuffa ba.

Don Allah ku je wurin Malam da kanku, ku nuna masa hoton kafin wani ya nuna masa. Ishawu, wanda zai kawo muku takardar nan, yana ɗauke da kwalba ɗaya ta ruwan tuffan, a rufe yadda aka saye ta. Ku buɗe a gaban Malam, ku fara kurɓa, sannan ku miƙa masa. Roƙona ɗaya: ku zuba a ƙoƙo, ban da kofin gilashi, kuma duk mai waya a fitar da shi daga zauren tukuna. Mutum ɗaya a danginmu ya isa.

A gaishe mini da Inna Raudatu, da Gwaggo Damata, da Tahiratu da mijinta. Abdoulaye yana gaisuwa. Souley ma yana gaisuwa, kansa a ƙasa.

Taku har kullum,
Shafa'atu