Albashin Wendell

Litinin, 6 ga Maris

Umarnin kotu ya iso gidan burodina: in riƙa cire kuɗin ciyar da yara daga albashin wani ma'aikacina, in aika ofishin jiha. Na taɓa yi wa direbobi, ko a jikina. Amma wannan sunan Wendell ne. Ɗan cikina.

Talata, 7 ga Maris

Na tare shi a gaban tanda. Na ce ai da hannunka kake kai wa Sherilyn kuɗin yara tun da kuka rabu, me ya kawo kotu? Bai ɗago daga ƙullun da yake murzawa ba. "Tun Yuni ban ba ta ko dala ɗaya ba, Mama."

Tun Yuni. Ni kuwa ina coci ina gaya wa mata Sherilyn ba ta da godiya.

Juma'a, 10 ga Maris

Ya shigo ofis ya tura ƙofa. "Ki kore ni a takarda, ki riƙa biyana a hannu. Wa zai sani?" Kallonsa kawai na yi. Ni na raini wannan?

Na kira Lauya Pruitt. Ya ce doka ta hana a kori mutum saboda wannan umarni, in kuma na ƙi cirewa, daga aljihuna za a karɓa, har da tara. "Darlene, kotu ba ta san uwa ba. Mai biyan albashi ta sani."

Na cire kuɗin.

Lahadi, 19 ga Maris

Na kai wa jikokina burodi. Motar Sherilyn ba ta nan, ashe ta sayar. Nadine, 'yar shekara tara, ita na tarar tana dafa wa ƙaninta taliya, uwarsu tana aiki na biyu a gidan kula da tsofaffi. Da Sherilyn ta dawo ta ba ni kujera, ta zuba mini shayi. Ko sunan Wendell ba ta ambata ba. Da ma ta zage ni.

Laraba, 22 ga Maris

Wendell bai zo aiki ba. Makullansa na kan teburina. An ce ya koma wajen abokinsa mai gyaran rufi, a hannu ake biya.

Alhamis, 23 ga Maris

Pruitt ya ce dole in sanar da ofishin jiha cewa ya bar aiki, da inda ya koma. "In kin sani," ya ƙara, a hankali.

Litinin, 27 ga Maris

Na kira su. Matar da ta ɗauki wayar ta tambaya ko na san sabon wurin aikinsa. A'a na shirya cewa. Sai na ji bakina yana faɗa mata sunan kamfanin abokin nasa, har da titi.

Doka ce kawai, ba wani abu ba.

Wendell ya daina ɗaukar wayata. Yaran za su riƙa kwana a nan duk ranar da Sherilyn take aiki. Na kwashe kofunan da ya ci a gasar ƙwallo daga tsohon ɗakinsa don gado na biyu ya sami wuri. Ban zubar ba. Suna gareji.