Gaiwar Fadamar Madadi

Takarda ta fito daga hannun Alƙali, mai hukunci tun daga Gwarzo har Kabo, zuwa ga Sale na Madadi, wanda yanzu yake dakon buhunan gyaɗa a Kano. Gaisuwa gwargwadon abin da ya dace da mai gudu. Wanda zai karanta maka ya ɗaga murya, sauran 'yan dako su ji.

Bayan haka, mun san abin da ka aikata.

Kai ka tayar da samari ranar da zafin bazara ya kai kaji na buɗe baki, ka ce a tafi haƙar gaiwa, kifin nan mai siffar maciji da ke binne kansa a busasshen taɓo in ruwa ya ƙafe. Maganarka ce kullum: wanda bai sha romon gaiwa da bazara ba, rana za ta kayar da shi a gona tun a kunyar fari.

Ka sami rami, ka fasa da dagi, ka zura hannu don zalama. Gaiwar ta cafke babban yatsanka. Ihunka har makiyaya sun ji. Ka fizgo ta, ka maka da ƙasa, ka tattake, ka sare kanta, amma kan bai sake ka ba. Sai da aka sa wuƙa aka ɓamɓare shi, jini har gwiwar hannu.

Ana cikin haka Tanko na Lakwaya ya sunkuya ya ɗauke gangar jikin yana dariya, wai su suka fara ganin ramin. Ka juya dagin, ka sauke masa ƙota a baki. Haƙora suka zubo, ya kifa. Madadi da Lakwaya suka kaure, mai sanda na yi, mai hoge na jifa. Mu ma, wato ɗan aikenmu, an fasa masa goshi. Kai kuwa da ka ga Tanko ba ya motsi, ka yar da dagi ka kama hanya, ko hula babu.

To jarumi, bai mutu ba! Da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya da bakin nan nasa mai jini shi ne ina gaiwarsa.

Sale, uwarka ta rame. Irin gyaɗarka ita kaɗai ta ɓare shi, ba ta bari kowa ya taɓa ba. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta yafa zane ta leƙa. Kullum tana zuba tuwonka a akushi, kullum ni nake cinyewa don kada ta gan shi da safe.

Manyan garuruwan biyu sun zauna. Tanko ya ce ya yafe, amma da sharaɗi: ka haƙo masa wata da hannun nan da aka ciza, ka kai gidansu da ƙafarka, ku ci a kwano ɗaya, tunda yanzu sai abu mai laushi yake iya taunawa. In ruwan fari ya riga ka sauka, fadama ta cika, gaiwa ta fice, to magana ta tafi gaban alƙali na gaske.

Ka ji na tona kaina. Babu wani alƙali. Ni ne Ɗanjuma taubashinka, da tawadar allo na rubuta, da rawanin tsumma a goshi. Na san in na fara da sunana za ka ce wasa ne, ba za ka saurara ba. Wannan karon, wallahi, ba wasa nake ba. Jiya gabas ta yi walƙiya.

Allah ya warkar da yatsanka, ya sanyaya zuciyarka, ya riƙe hadarin nan har ka iso. Amin.

Ubangidanka, ko ka ƙi ko ka so,
Ɗanjuma