Akwatin wifi na Inna

Zuwa ga Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya zaman Agadas? Ina gaida Anti Hadiza da yara, da fatan tarin Ari ya lafa. Mu nan Diffa lafiya lau, tattasai ya fara nuna.

Makon jiya akwatin wifi, na intanet ɗin nan da ka saya wa Inna, ya ɗauke, saƙonninka suka daina shigowa. Ka san tun da rikici ya raba mu da garinmu Geskeru, in ta ji shiru daga wani nata, ba ta ɗaukarsa alheri. Ba ta gaya wa kowa ba, abinci kawai ta daina ci. Da na leƙa ranar Juma'a, na same ta zaune da waya a cinya.

"Falmata, in wani abu ya sami yayanki, kada ki ɓoye mini."

Na duba akwatin. Ashe ta lulluɓe shi da mayafi don kada jikoki su taɓa kyautar ɗanta, zafi ya gigita shi. Na yaye mayafin, na cire shi daga wuta, ya huce, na mayar. Jar fitilarsa ta koma koriya, sai ga saƙon muryarka ya shigo wayarta, kana tambaya ko ta ci abinci. Ta saurara, ta maimaita, sannan ta ce in zubo mata tuwo.

Yanzu duk unguwa ta ji karatuna na jami'a bai tafi a banza ba: na iya kashewa da kunnawa.

Roƙona, duk ranar da ba ta amsa ba, ka kira ta kai tsaye. Kada ka bar ta da shiru.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Falmata